Amfanin Mashawarta Wajen Tafiyar da Makarantu Masu Zaman Kansu

Gabatarwa

Manufar wannan 'yar ƙasida ita ce a bayyana wa jama'a, musamman masu makarantu da shugabanninsu da iyayen yara, abin da ake nufi da aikin mashawarta a fannin tafiyar da makarantu masu zaman kansu, da irin amfanin da ke cikinsa, da kuma inda iyakarsa ta tsaya. An ɗauki Yankin Babban Birnin Tarayya, Abuja, a matsayin misali, amma bayanin ya shafi kowace jiha ta ƙasar nan.

Abu na farko da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, makaranta amana ce. Ko da mutum ɗaya ne ya gina ta da kuɗin aljihunsa, waɗanda ke zaune cikin azuzuwanta 'ya'yan jama'a ne. Idan kanti ya karye, mai kanti ne ya yi hasara. Idan kuwa makaranta ta watse a tsakiyar shekara, hasarar tana kan yaron da shekararsa ta tafi a banza, da uban da ya biya kuɗi, da malamin da ke bin bashin albashi. Wannan ne ya sa Gwamnati ta damu da yadda ake jagorancin irin waɗannan makarantu, ko da yake ba ita ce ta mallake su ba.

Yadda Aka Faro

Makarantun da ba na Gwamnati ba sun daɗe a Nijeriya. Kafin zuwan Turawa akwai makarantun allo da na ilmi a hannun malamai, daga baya kuma mishan da ƙungiyoyin sa kai suka buɗe nasu na boko. Bayan yaƙin basasa, tun daga 1970, gwamnatocin jihohi da dama suka karɓe makarantun sa kai suka mayar da su hannunsu. A watan Satumba na 1976 aka ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, a 1977 kuma aka fitar da Manufar Ilmi ta Ƙasa, wadda aka yi ta yi wa gyare-gyare daga baya.

A 1980 Gwamnatin Jihar Legas ta yi niyyar soke makarantun firamare masu zaman kansu. Babban Limamin Katolika na Legas, Anthony Okogie, da waɗansu mutane suka kai ƙara, a 1981 kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da cewa tsarin mulki ya ba ɗan ƙasa 'yancin kafa makaranta. To, amma 'yanci yana tafe da sharaɗi. Dokar Soja mai lamba 16 ta 1985 ta ba hukuma ikon ajiye ma'auni mafi ƙanƙanta wanda kowace makaranta za ta cika. Haka nan shirin ilmin bai-ɗaya da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, wanda ya sami dokarsa a 2004, ya wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9, watau firamare da ƙaramar sakandare. Saboda haka mai makaranta yana da 'yancin buɗewa, Gwamnati kuma tana da alhakin dubawa.

Halin da Abuja Ke Ciki

An ƙirƙiro Yankin Babban Birnin Tarayya ranar 3 ga Fabrairu, 1976, zamanin mulkin Janar Murtala Muhammed, aka kuma dawo da mazaunin Gwamnati daga Legas ranar 12 ga Disamba, 1991. A ƙidayar 1991 mutanen yankin ba su kai 400,000 ba. Kafin ƙidayar 2006 sun haura 1,400,000, kuma tun daga lokacin jama'a ba su daina kwararowa ba. Makarantun Gwamnati ba su iya ɗaukar dukan yaran da wannan yawa ya kawo ba, sai masu zaman kansu suka shigo suka cike giɓin.

Yankin yana da ƙananan hukumomi shida, watau ta cikin birni, da Bwari, da Gwagwalada, da Kuje, da Kwali, da Abaji, kuma babu wadda ba ta da irin waɗannan makarantu. Sai dai ba ɗaya suke ba. Akwai manya masu tsada a unguwanni kamar Maitama da Asokoro. Akwai matsakaita da ƙanana a Kubwa, da Nyanya, da Karu, da Lugbe, da Mpape, da Zuba, inda yawancin ma'aikata da 'yan kasuwa ke zaune. Akwai kuma makarantun Islamiyya da suka haɗa karatun addini da na boko. Da yake yankin ba shi da gwamna, Sakatariyar Ilmi da ke ƙarƙashin Ministan Babban Birnin Tarayya ita ce ke lura da su, kuma Sashen Tabbatar da Ingancin Ilmi na wannan Sakatariya shi ne ke duba makaranta kafin a ba ta izini, da kuma bayan an ba ta.

Yawancin waɗanda suka kafa makarantun nan mutane ne masu kyakkyawar niyya. Wani tsohon malami ne da ya yi ritaya, wata uwa ce da ta fara da renon yara a gidanta, wani kuma ɗan kasuwa ne da ya ga unguwarsa ba ta da makaranta. Matsalar ita ce iya koyarwa daban, iya tafiyar da ma'aikata daban. Wanda ya fara da yara 20 yana iya riƙe komai a kansa. Ranar da suka zama 300, ƙwaƙwalwar mutum ɗaya ba za ta ɗauka ba. A wannan gaɓa ce ake bukatar mashawarci.

Wane Ne Mashawarci?

Mashawarci shi ne masani daga waje wanda makaranta ke gayyata, bisa yarjejeniya da lada da ƙayyadadden lokaci, don ya binciki yadda ake tafiyar da ita, ya nuna inda ɓaraka take, ya kuma taimaka a ɗinke ta. Yana iya kasancewa mutum ɗaya, ko kamfani mai ma'aikata da yawa. Amfaninsa na farko shi ne ido na baƙo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, gaskiya ne, amma sau da yawa wanda ya saba da yoyon yakan ajiye kwano a ƙarƙashi ya manta da gyaran rufi.

Wajibi ne a bambance mashawarci da sufeton ilmi. Sufeto ma'aikacin Gwamnati ne, yana zuwa da ikon doka ko an gayyace shi ko ba a gayyace shi ba, kuma rahotonsa yana iya sa a ba makaranta izini ko a rufe ta. Mashawarci ba shi da wannan iko ko kaɗan. Ba ya ba da izini, ba ya ba da takardar shaida, kuma ba ya hana a rufe makarantar da ta saɓa wa ƙa'ida. Abin da zai iya yi shi ne ya shirya makaranta har ta cancanci abin da take nema.

Fannonin da Ake Neman Shawara a Kansu

1. Rabon aiki. A makarantu da yawa mai makaranta shi ne hedimasta, shi ne ma'aji, shi ne mai sayo alli. Wani lokaci kuma yakan naɗa shugaban makaranta, amma ya hana shi yanke hukunci ko da a kan jadawalin darasi. Mashawarci yakan taimaka a rubuta aikin kowa. Mai makaranta ya riƙe manufa da jari da gine-gine. Shugaban makaranta, wanda ya kamata ya zama ƙwararren malami, ya riƙe koyarwa da ladabtarwa da lura da malamai. Ma'aji ya riƙe lissafi. A samansu kuma a kafa hukumar gudanarwa ta mutane kaɗan masu mutunci, wadda za ta zauna aƙalla sau ɗaya a kowane zango ta saurari rahoto.

2. Kuɗi. Kuɗin makaranta sau 3 suke shigowa a shekara, albashi kuwa sau 12 yake fita. Rashin lura da wannan ya durƙusar da makarantu masu yawa. Alal misali, a ɗauka makaranta tana da ɗalibai 200, kowanne yana biyan Naira 30,000 a zango. A takarda kuɗin zango ɗaya Naira 6,000,000 ne, na shekara kuma Naira 18,000,000. Idan ɗaya cikin goma bai biya ba, saura Naira 16,200,000, watau Naira 1,350,000 ke nan a kowane wata. Idan ma'aikata 12 ne, kowanne yana karɓar Naira 70,000, albashi kaɗai ya cinye Naira 840,000 a wata. Abin da ya rage, Naira 510,000, shi ne zai biya haya da ruwa da wuta da littattafai da gyare-gyare da haraji. Mai makarantar da ya ga miliyoyi a watan Satumba ya ɗauka riba ce, ya sayi mota ko ya ɗora bene, kafin Disamba zai rasa abin biyan malamai. Aikin mashawarci a nan shi ne ya koyar da tsara kasafin kuɗi na shekara, da raba asusun makaranta da aljihun mai ita, da ba da rasidi a kan kowane kobo, da ajiye wani abu don ranar wuya. Annobar korona ta nuna muhimmancin wannan ajiya, domin da aka rufe makarantu daga watan Maris na 2020 har tsawon watanni, malaman makarantu masu zaman kansu da yawa sun zauna ba albashi.

3. Malamai. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta ajiye takardar shaidar malanta ta ƙasa, watau NCE, a matsayin mafi ƙanƙantar shaidar shiga aikin koyarwa. Hukumar Rajistar Malamai ta Nijeriya, wadda aka kafa da Dokar Soja mai lamba 31 ta 1993, ita ce ke yi wa malamai rajista da ba su lasisi, kuma hukuncinta bai ware makarantu masu zaman kansu ba. Mashawarci yakan tsara yadda za a ɗauki malami, daga jarraba shi a gaban aji har zuwa bincikar halinsa a inda ya baro, sa'an nan a ba shi takardar kama aiki mai bayyana albashi da hutu da sharuɗɗan barin aiki. Yakan kuma tunatar da mai makaranta haƙƙoƙin da doka ta ɗora masa. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa ma'aikata mai zaman kanta da ke da mutum 15 ko fiye ta zuba aƙalla kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kuma kashi 8. A 2024 aka ɗaga mafi ƙanƙantar albashi na ƙasa zuwa Naira 70,000, ko da yake dokar ta ɗauke wa wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba. Makarantar da malamanta ke sauyawa kowane zango, yara ne ke biyan diyya, gama kowane sabon malami sai ya koma baya ya fara sanin su.

4. Koyarwa da ajiye bayanai. Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilmi ta Nijeriya, wadda ke da mazauni a Sheda cikin yankin Kwali, ita ce ke tsara manhajar ƙasa. Makaranta tana iya ƙara wani abu a kanta, amma ba ta da ikon watsar da ita. Manufar Ilmi ta Ƙasa kuma ta nemi kada yara su wuce 25 ga malami ɗaya a ajin share fage, da 35 a firamare. Mashawarci nagari yakan shiga aji ya zauna, ya duba littattafan yara, ya gwada abin da aka rubuta cikin shirin darasi da abin da aka koyar a zahiri. Yakan duba rajistar ɗaukar ɗalibai, da ta kiran suna, da littafin tarihin makaranta, da sakamakon gwaje-gwajen zango. Waɗannan su ne sufeto zai fara tambaya, kuma su ne ke nuna wa shugaba yaron da ya fara ja da baya tun kafin abin ya yi nisa. Da yake bayanan yara sirri ne, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafi yadda ake adana su, a takarda ko a kwamfuta.

5. Lafiya da tsaro. A watan Yuli na 2024 benen wata makaranta mai zaman kanta ya rufta a Jos ana cikin karatu, aka rasa rayuka fiye da 20. A farkon 2022 kuma Gwamnatin Jihar Kano ta soke takardun izinin dukan makarantu masu zaman kansu don a sake tantance su, bayan kisan wata ƙaramar yarinya da aka samu mai makarantarsu da hannu a ciki. Waɗannan al'amura sun isa ishara. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 tana aiki a Babban Birnin Tarayya, a 2021 kuma Gwamnatin Tarayya ta fitar da manufar tsaro da kawar da cin zarafi a makarantu. Mashawarci yakan taimaka a rubuta ƙa'idar wanda zai ɗauki yaro idan an tashi, da inda yaro zai kai kuka, da abin da za a yi in gobara ta tashi. Amma batun ƙarfin gini na injiniya ne mai rajista, kuma mashawarci mai gaskiya zai faɗi haka.

6. Makaranta bayan mai ita. Sau da yawa makaranta takan bi wanda ya kafa ta kabari. Da zarar ya rasu sai gini ya shiga rabon gado, magada su saɓa, malamai su watse, iyaye su kwashe 'ya'yansu. Maganin wannan shi ne a yi wa makarantar rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, ko dai a matsayin kamfani ko a hannun amintattu, a kuma nemi shawarar lauya da malaman shari'a tun mai ita yana da rai, yadda magada za su sami haƙƙinsu ba tare da an rufe aji ba.

Yadda Aikin Ke Tafiya

Aikin shawara mai kyau yana bin matakai huɗu. Da fari bincike: mashawarci ya zo da kansa, ya ga azuzuwa da littattafan lissafi, ya saurari malamai da iyaye da ɗalibai, kowa a keɓe. Na biyu rahoto a rubuce, cikin harshen da mai makaranta zai gane, wanda ya jera matsaloli bisa ga muhimmancinsu. Na uku shirin gyara, mai nuna abin da za a yi, da wanda zai yi, da ranar gamawa, da abin da zai ci. Na huɗu horarwa da bibiya, har ma'aikatan makarantar su iya yin aikin da hannunsu.

Mataki na huɗu shi ne ma'aunin sauran. Idan bayan shekara guda ma'aji yana iya tsara kasafi shi kaɗai, shugaba kuma yana iya shiga aji ya gyara wa malami, to kuɗin da aka biya sun yi amfani. Idan kuwa komai ya tsaya cik da zarar mashawarci ya tafi, makarantar ta sauya wanda ta dogara da shi ne kawai, ciwon yana nan.

Yadda Ake Zaɓen Mashawarci

Ba duk mai ɗauke da jaka da kati ba ne masani. Kafin a ƙulla yarjejeniya, ana shawartar mai makaranta ya lura da waɗannan abubuwa:

(a) Ya nemi shaidar rajistar kamfanin, da takardun ilmin wanda zai yi aikin da kansa. Cibiyar Bunƙasa Harkokin Gudanarwa ta Tarayya, wadda aka kafa a 1973, tana tantance masu ba da horo a fannin gudanarwa. Wanda zai binciki lissafi kuwa ya zama ɗan ɗaya daga cikin ƙungiyoyin akantoci da doka ta amince da su.

(b) Ya tambayi ko mutumin ya taɓa koyarwa ko shugabantar makaranta, ya kuma tuntuɓi makarantu biyu ko uku da ya yi wa aiki.

(c) A rubuta yarjejeniya mai bayyana aikin, da lokacinsa, da ladansa, da sharaɗin riƙe sirri. Kada a biya lada gaba ɗaya kafin a ga aiki.

(d) A guji duk wanda ya ce ya san wani a ofis, zai samo izini ba tare da an zo dubawa ba. Haka nan wanda ya yi alkawarin dukan ɗalibai za su ci jarrabawar WAEC ko NECO ta wata hanya ta daban. Satar jarrabawa laifi ne a ƙarƙashin dokar 1999, hukumomin jarrabawa kuma sukan janye amincewarsu daga makarantar da aka kama.

(e) A yi hattara da wanda shawararsa kullum take ƙarewa a kan sayen kayan da shi ne dillalinsu, ko wanda ya kwaso tsarin makarantar Maitama zai ɗora wa ta Zuba ba tare da duba ƙarfin iyaye ba.

Makarantu Masu Ƙaramin Ƙarfi

Kada mai ƙaramar makaranta ya ɗauka shawara ta masu hannu da shuni ce kaɗai. Jami'an Sashen Tabbatar da Ingancin Ilmi suna bayyana ƙa'idoji ga wanda ya je ya tambaya, kuma rahoton da sufeto ya bari shawara ce ga mai son gyara. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna tana ba malamai damar ƙaro ilmi suna bakin aikinsu. Cibiyar Tsare-tsare da Gudanar da Ilmi ta Ƙasa da ke Ondo, wadda aka kafa a 1992, tana horar da shugabannin makarantu. Ƙungiyar masu makarantu masu zaman kansu ta ƙasa, wadda aka fi sani da NAPPS, tana da reshe a Abuja da jihohi. Bugu da ƙari, makarantu huɗu ko biyar na unguwa ɗaya suna iya haɗa kuɗi su ɗauki masani ɗaya ya horar da ma'ajinsu da shugabanninsu a zama guda. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Akwai kuma tsofaffin hedimastoci da sufetoci da suka yi ritaya a kusan kowace unguwa, waɗanda saninsu yana zaune ba mai tambaya.

Abin da Ya Rataya a Wuyan Iyaye

Iyaye su ne suka fi kowa ikon gyara makaranta, domin da kuɗinsu take tafiya. Kafin uba ya sa ɗansa, yana da haƙƙin ya ga takardar izinin makarantar, ya san sunan shugabanta da matsayin ilminsa, ya zaga ya ga azuzuwa da makewayi da ruwan sha. Ya karɓi rasidi duk lokacin da ya biya, ya halarci taron ƙungiyar iyaye da malamai, ya kuma riƙa duba littattafan yaro a gida. Kyawun fenti da motar ɗaukar yara ba su ne ilmi ba. A ɗaya gefen kuma, uban da ke jinkirta biyan kuɗin makaranta alhali yana da hali, ya sani albashin malamin ɗansa yake riƙewa.

Kammalawa

Gwamnati ta ɗauki makarantu masu zaman kansu a matsayin abokan aiki wajen ilmantar da 'ya'yan ƙasa, kuma tana son su tsaya da ƙafafunsu. Saboda haka ana kira ga masu makarantu da kada su ga neman shawara a matsayin gazawa, su kuma nemi ta tun kafin albashi ya maƙale ko sufeto ya rufe ƙofa. Ana kira ga mashawarta da su riƙe gaskiya, su faɗa wa wanda ya ɗauke su abin da suka gani ko da ba zai yi masa daɗi ba. Duk wanda ke neman ƙarin bayani a Abuja sai ya tuntuɓi Sakatariyar Ilmi ta Babban Birnin Tarayya, mazauna jihohi kuma su tuntuɓi Ma'aikatar Ilmi ta jiharsu.